Minti Goma Kawai Aka Ce Baba Ya Riƙa Yi

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in ƙara yin wata ɓarnar, don wadda na riga na yi ma ta ishe ni. Raina a ɓace yake sosai, in kin ga maganata tana hawa kan juna ki yi haƙuri da ni.

Ni malamar firamare ce, shekarata talatin da huɗu, ina da aure da 'ya'ya biyu. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, daga yayana namiji sai ni. Babanmu kafinta ne, ya fi shekara arba'in yana wannan sana'a. Wata bakwai da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a bakin shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimake mu, magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi. Yana iya ɗaga shi kaɗan, amma yatsun a dunƙule suke, ko cokali ba ya iya riƙewa.

Likitar da take masa gashi a asibiti ta gaya mana a gabansa cewa hannun bai mutu ba, zai iya dawowa ya yi amfani, amma aikin ba nata ba ne ita kaɗai, rabinsa a gida ake yi. Me ta nema? Minti goma da safe, minti goma da yamma. Ya matsa soso ya saki. Ya ɗora hannun a kan tawul ya tura gaba ya jawo baya a kan tebur. Ya tsinci maɓallan riga daga kwano ɗaya ya zuba a wani. Shi ke nan fa, Anti. Ta ce ba ƙarfi ake so ba, maimaitawa ake so, kullum kullum, kuma in aka yi sakaci yatsun za su sandare.

Gidana ba shi da nisa da nasu, layi biyu ne tsakaninmu. Tun daga ranar na mayar da kaina agogo. Shida da rabi na safe ina gidansu kafin in wuce makaranta, biyar na yamma na dawo. Na sayo kwanuka biyu, na kwance maɓallan tsofaffin rigunan mijina, na zana jadawali a babbar takarda na manna a bangon ɗakin Baba don in riƙa sa alama duk ranar da ya yi. Kin san alama nawa ce a takardar nan a wata bakwai? Ashirin da uku. Na ƙirga su har na haddace.

Yau ya ce kansa na ciwo. Gobe ya ce bari ya gama jin labarai a rediyo, labarai su ƙare ya ce barci yake ji. Jibi baƙo ya zo dubiya, ya riƙe baƙon da hira har lokacina ya ƙure. Ranar da ya ga dama ya tsinci maɓalli uku, na huɗu ya suɓuce, sai ya ture kwanon ya ce shi ba ɗan ajina ba ne, in tafi in koya wa yara wasa da maɓalli. Ni kuma in tsugunna ina tsintar su a ƙarƙashin gado da kayan makaranta a jikina. Sau huɗu shugabar makarantarmu tana kirana ofis saboda latti. 'Ya'yana kuwa mijina ne yake shirya su da safe, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na san haƙuri yake yi.

Mama kuma, Allah ya ba ta lada, ita ce take warware duk abin da na ɗaura. Da ya miƙa hannu zai gwada ɗaukar kofi, ta riga shi. Ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ita ke ba shi abinci a baki, alhali likita ta ce a bar shi ya yi ta gwadawa ko zai zubar. In na yi magana ta ce ba za ta zauna tana kallon mijinta yana wahala a kan kofin ruwa ba. In na matsa ta fara share ido da bakin mayafi, dole in yi shiru.

Yaya kuwa, kar ma ki sa in fara. Sau ɗaya yake zuwa a wata, wani lokacin sau biyu, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba. Ya kawo keken motsa jiki, yana nan a tsakar gida Mama na shanya a kansa. Ya kawo wata na'urar tausa mai ƙara kamar janareto. Ya kawo wani mai a kwalba da aka ce a kwana bakwai yake tayar da shanyayye. Duk ranar da ya zo Baba sai ya warware, ya hau keken, a ɗauki hoto a tura wa dangi, kowa na Allah ya yi wa Yaya albarka. Ya tafi, washegari ni ce muguwa mai kwanon maɓalli. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya riƙe wa Baba gwiwar hannu na minti goma ba. Ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Anti, shi ne wannan mutumin shi ya koya mini duk abin da nake roƙonsa yanzu. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin Baba ya fara aiki bai share shago ya wasa kayan aikinsa ba, ko ana ruwan sama. Ƙofa ɗaya sai ya kwana uku yana goge ta da samfefa, mai ƙofar na yi masa ciwon baki, shi ko a jikinsa. Lokacin da nake aji uku rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ya sayo mini littafi ya ce shafi ɗaya kullum. Shekara guda cur, ko ba ni da lafiya sai na yi rabin shafi. Yau a makarantarmu ni ake ba rubutun takardun shaida saboda kyan hannu. To yaya za a yi mutumin da ya san wannan ya zauna yana kallon hannunsa yana ƙanƙancewa?

Bari in gaya miki abin da ya kawo ni. Makonni uku da suka wuce muka koma asibiti. Likitar ta gwada hannun, sannan ta ce babu ci gaba, yatsu biyu ma sun fara sandarewa. Muna zaune a wurin sai ga wata tsohuwa da suka fara gashi mako ɗaya da Baba, nata ma ya fi nasa tsanani a lokacin, don a keken marasa lafiya ake kawo ta. Wallahi a gabanmu ta buɗe robar ruwa da hannun da ya shanye ta sha. Hannun na rawa, ruwan na zuba a zaninta, amma ta sha da kanta. Na tambayi 'yarta wane magani suke yi. Ta yi dariya ta ce babu komai sai sosan nan da maɓallan nan, safe da yamma, tsohuwar ma ita ke tuna musu. Na juya na kalli Baba. Ya gani sarai.

Na ɗauka ya ji a jikinsa, gobe za mu fara da gaske. Ashe wani abu ya ƙulla a ransa. Ranar Asabar da hantsi, Mama na wanki, ya ɗauki sandarsa ya lallaɓa ya buɗe shagon, wanda yake manne da gidan. Akwai wani ƙaramin teburin karatu da ya fara yi wa babbar 'yata kafin ya faɗi, saura ƙafafu biyu. Ya ɗaure zarto a hannun nan da tsumma, ya yi ta fama da katako kusan awa guda. Mutumin da ya ƙi minti goma! Maƙwabcinmu mai gyaran babur ne ya ji faɗuwar kaya ya leƙa, ya same shi zaune a ƙasa yana riƙe da kafaɗa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Kafaɗar ta gurɗe. Likita ta ce sai an huta mata kafin a ci gaba da komai.

Washegari Yaya ya zo da wata sabuwar na'ura a kwali. Yana shigowa, a gaban Baba da Mama, ya ce mini: “Ke ma kin cika takura wa tsoho. Matsin lambarki ne ya jawo wannan.”

Anti, ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya wa Yaya ya kwashe tarkacensa ya buɗe shago da su. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na juya kan Baba, yana kwance, na ce: “Baba, ba ciwo ne zai kashe hannun nan ba, girman kanka ne. Ka fi son a riƙa cewa wayyo kafinta da ka warke.” Na yage jadawalin daga bango na watsar da kwanon.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce: “Na gode. Tashi ki tafi gidan mijinki.”

Yau kwana goma sha shida. Ina zuwa kullum, ban fasa ba. In na gaishe shi ya amsa da “lafiya” ya juya fuska bango. Mama ta ce in ba shi haƙuri. Mijina ya ce in ba shi haƙuri. Na san na yi laifi, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba tunda aka haife ni, kuma in na tuna kallon da ya yi mini sai abinci ya fita raina. Amma wallahi har yanzu ina jin haushi, kuma ban ga ƙarya a abin da na faɗa ba. In na ba da haƙuri na yi shiru, kowa zai ji daɗi, hannun kuma ya tafi. In na ci gaba, na rasa uba. Wasu ranakun sai in ji kamar in cire hannuna gaba ɗaya, in bar wa masu na'ura da masu hoto, in ga inda za su kai shi. Me zan yi, Anti?

Taki,
'Yar Kafinta

*

Wa alaikumus salam, 'Yar Kafinta.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari in fara da abin da babu wanda ya gaya miki a gidanku: sannu da ƙoƙari. Wata bakwai kina sintiri safe da yamma, ga aiki ga 'ya'ya. Haushinki ba na rashin tarbiyya ba ne, na gajiya ne da tsoro. Kuma a kan maganar atisaye ke ce mai gaskiya. Minti goman nan na kullum ya fi keke da na'ura da man kwalba in an haɗa su duka.

Amma kin yi kuskure a wuri ɗaya, kuma ba ɗaga muryar kaɗai nake nufi ba. Kin ce girman kai ne. Ni ban ga mutumin da ba ya son warkewa ba. Wanda ba ya son warkewa ba ya ɗaure zarto a shanyayyen hannu. Ki tsaya ki duba abin ta wajensa. In zarto ya gagare shi, zai iya ce wa kansa ai aiki ne mai nauyi. In maɓallin riga ya gagare shi fa, me zai ce? Hannun da ya ciyar da ku shekara arba'in ya kasa ɗaukar abin da jikarsa ke ɗauka da wasa, a gaban matarsa, a gaban 'yar da ya koya wa riƙe alƙalami, ga kuma takarda a bango tana ƙirga masa ranakun da ya gaza. Sau biyu a rana ake kiransa ya zo ya ga abin da ya rasa. Wannan yake gudu. Ba na cewa ya kyauta, ina cewa ki san abin da kike yaƙi da shi.

Ga abin da nake so ki yi.

Ki ba shi haƙuri gobe, ku biyu kawai, kuma kar kalmar “amma” ta fito daga bakinki. Kar ki kawo zancen hannu ko kaɗan. Ki ce kin yi masa rashin kunya, tsoro ne ya sa ki, ya yafe miki. Ba da haƙuri a kan yadda kika yi magana ba ya nufin kin janye damuwarki. Daga nan, tunda dai an ce kafaɗa ta huta, ki yi amfani da wannan hutun ki koma 'yarsa. Ki zo ki zauna ku ji rediyo tare. Wata bakwai ke nan duk shigowarki da kwano a hannu, ya daɗe bai ga 'yarsa ba sai malama.

A cikin kwanakin nan ki je wurin likitar ke kaɗai. Ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, ki tambaye ta abu biyu. Na farko, ko za a iya musanya kayan atisayen da kayan sana'arsa: ya riƙa ɗaura noti yana kwancewa, ya ware manyan sukurori daga ƙanana, ya goge guntun katako da samfefa a kan tebur. Ƙafafun teburin jikarsa ma suna buƙatar guga. Ita ce za ta ce wanne ya dace da hannun da kafaɗar, kar ki yanke da kanki. Na biyu, ki roƙa a duba ko akwai ciwon damuwa. Yakan biyo bayan irin wannan rashin lafiya, yana kashe wa mutum zuciyar yin komai, iyali kuma su ɗauka taurin kai ne. Ana maganinsa.

In likita ta ce a ci gaba, ku fara ƙasa da yadda ranki yake so, da saninta. Ko minti uku ne. Abin da kuke nema a watan farko shi ne abin ya zauna masa a jiki, yawan zai zo daga baya. Ku liƙa shi a jikin wani abin da ba ya tsallakewa, misali da an fara labaran safe a rediyo kayan suna gabansa. Shi zai zaɓi lokacin, ba ke ba. Ki ajiye kayan ki fita daga ɗakin, ba ya buƙatar 'yan kallo. Kar jadawali ya koma bango. In ya tsallake rana ɗaya kar ki ce komai, ki dai tabbatar kayan suna wurinsu washegari.

Mama kuma kar ki nemi ta daina komai lokaci ɗaya, ba za ta iya ba, tausayin mijinta take ji. Ki roƙe ta abu ɗaya tak: kofin ruwan safe ta bar masa, ta zuba rabi, ta juya baya. In wannan ya zauna sai a ƙara wani.

Yayanki ya ba ni haushi ni ma, ba zan ɓoye miki ba. Mai zuwa sau ɗaya a wata ba shi da bakin gaya wa mai zuwa sau biyu a rana cewa ta cika takura. Sai dai ina zargin shi ma tsoron ganin mahaifinku a haka yake yi, shi ya sa yake ɓuya a bayan kwalaye. Ki kira shi, ba don faɗa ba. Ki ce masa an gode, kaya sun isa haka, yanzu lokacinsa ake so. Ki ba shi aiki takamaimai: shi zai riƙa kai Baba asibiti, ya ji bayanin likita da kunnensa. Kuma rana ɗaya a mako tasa ce, ke ba za ki leƙo ba. Ki zauna a gidanki, ki shirya 'ya'yanki, ki gode wa mijin nan naki da bakinki. Ke ma kina yin irin na Baba ba ki sani ba: kin ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinki ke kaɗai har kika gurɗe. Wannan tafiya ta watanni ce, wataƙila shekaru, dole ki yi ta yadda za ki iya ɗorewa.

Saura magana mai ɗaci. Ko an yi komai daidai, babu mai ba ki tabbacin hannun zai dawo kamar da. Kuma hannun nasa ne. Za ki iya sauƙaƙa masa hanya, ba za ki iya matsa masa sosan ba. In kin yi duk wannan ya ce shi dai a'a, to ki ci gaba da zuwa, ki ci gaba da ajiye kayan inda zai gan su, amma kar ki sayar da zumuncinku saboda yatsu biyar. Mutum mai hannu ɗaya yana rayuwa, ya yi dariya, ya ga jikokinsa. Abin da ba na so shi ne ya rasa hannun kuma ya rasa ki.

Ki je gobe da wuri, hannunki babu komai. Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zukatanku, ya saka miki da 'ya'yan da za su tsaya miki yadda kika tsaya masa.

Taki,
Anti